Kafin ka biya mai zanen manhaja, ka san abin da zai damƙa maka

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, ya aiki ya jama'a. Dan Allah ina roƙon ɗan fili a shafin wasiƙu in yi magana da 'yan kasuwarmu na Kano, musamman yanzu da kowa ya taso shi ma sai ya mallaki manhajar waya ko shafin intanet na kasuwancinsa, tun daga masu atamfa da shadda a Kantin Kwari, da masu kayan masarufi a Singa, da dillalan hatsi a Dawanau, har hajiyoyinmu masu abincin oda da turaren wuta daga cikin gida. Abu ne mai kyau ba na kushe shi, tun wahalar canjin kuɗi ta farkon 2023 da ta sa har mai shayi da mai adaidaita suka koyi karɓar taransfa mutane suka gane cewa ciniki ya koma cikin waya. Amma akwai wata gaɓa da kuɗin mutane ke zurarewa a banza, kuma sau da yawa ba wai cuta aka shirya ba, kawai mai biya bai san me zai nema ba shi kuma mai aikin bai ga dalilin da zai wahalar da kansa ba tunda ba a tambaye shi ba. Ina nufin aikin nan na masu zanen manhaja, 'yan UI/UX ɗin nan da samarinmu suka shiga koya da yawa.

Ni sana'ata rubuta manhaja ce, wato in mai zane ya gama ni ake kawo wa in mayar da zanen abin da zai yi aiki a waya, dan haka ina ganin abin da ake damƙa wa mutane da idona. Mafi yawa abin da Alhaji ke turo min hotuna ne 'yan ƙalilan a WhatsApp, masu kyau kam kamar ka lasa, ga kala ga tambari, sai ya ce to ga zane nan an gama saura kai. In ka tambaye shi ina fayil ɗin asali sai ya ce wane fayil, in ka ce in mutum ya danna nan ina zai kai shi sai ya ce ai kai ne gwani ka duba mana. Alhali shi wannan Alhajin da gida zai gina a Hotoro ko Rijiyar Zaki wallahi ba zai taɓa yarda mai zanen gini ya ba shi hoton gaban gida kawai ya karɓi kuɗinsa ba, sai ya ga takardar da ta nuna ɗakuna da awonsu da inda bututun ruwa da waya za su bi, saboda ya san da ita magini zai yi aiki. To nan ma haka ne, kuma abin da nake so in faɗa ke nan a wasiƙar nan gaba ɗaya, duk abin da ka biya ya shigo hannunka, a rubuce, da sunanka, ta yadda ko kun ɓata da mai zanen gobe aikinka ba zai tsaya ba.

Abu na farko da ya kamata ka karɓa ma ba zane ba ne, 'yar takarda ce ta binciken da ya yi. Ba sai ta yi kauri ba, shafi biyu ko uku sun isa, amma ta nuna da su wa ya yi magana cikin kwastomominka da yaran shagonka, wace waya suke riƙewa, shin suna iya karatun boko ko saƙon murya suka fi ganewa, data nawa suke iya saya. Mai zanen da bai taka ƙafa ya zo shagonka ya zauna ya ga yadda ake ciniki ba, gaskiya ni ban san me yake zanawa ba. Akwai kuma wani abu da suke haɗawa wai siffar kwastoma, a saka hoton mutum a rubuta shekarunsa da abin da yake so da abin da ke damunsa, in an yi shi da gaske yana da amfani, amma sau nawa na ga an kwaso hoton wata baturiya mai riƙe da kofin kofi an manna a aikin mai sayar da garin kunu, wannan kam cika takarda ne kar ka biya ko sisi a kansa.

Sai taswirar hanya, kuma a nan nake so in ɗan daɗe dan nan ne ake gane wanda ya san aiki. Zane ne na akwatuna da kibiyoyi da ke nuna matakan da mutum zai bi tun daga buɗe manhaja har ya biya ya karɓi kayansa. Ba ta da kyan gani ko kaɗan shi ya sa masu kuɗi ba sa kula ta, amma duk rigimar da za a yi nan gaba a cikinta take. Misali kai mai atamfa, kana da farashin sari kana da na ɗaiɗai, to manhajar ta san bambancin wanda ya zo ɗaukar turmi ɗaya da wanda ya zo ɗaukar dila? Mutanenmu ba sa sayen abu ba su nemi ragi ba, ina wajen da zai ce Alhaji a duba min, ko kuwa maɓalli za a sa ya kai shi WhatsApp ku ƙarasa a can? Wajen biya fa, kati ne kawai aka zana irin na Turai alhali yawancin kwastomominka taransfa za su yi su turo maka rasit, wasu kuma sai kaya sun iso hannu za su biya, wasu ma bashi ne na amana sai sun sayar su kawo. Sannan kai kaya, wanda ke Maraɗi ko Damagaram ko Maiduguri ta tasha ake aika masa a ba shi lambar direba, ina aka tanadi wajen saka lambar direban da sunan tashar? Adireshi ma kansa, fom ɗin da aka kwaikwayo daga waje zai tilasta maka lambar gida da lambar gidan waya, mu kuwa kwatance muke yi, bayan masallacin Juma'a layi na biyu gida mai jan get, in babu wajen rubuta kwatance shikenan mutum ya maƙale ya fita, kuma ba zai kira ka ya gaya maka dalili ba. Duk waɗannan tambayoyin a kan taswirar ake warware su da biro, lokacin da gyara bai wuce a goge kibiya a sake ja ba. In aka bari sai na rubuta manhaja sannan aka tuna, to aikin sati da satittika ne kuma kai za ka biya.

Bayan ita akwai zanen ƙwarangwal, baƙi da fari ba kala ba hoto, yana nuna inda kowane abu zai zauna a fuskar waya. Ka duba shi da kyau ka sa hannu kafin a wuce, iyakar abin da zan ce a kansa ke nan.

Toh sai cikakken zane mai kala, wanda shi kowa ya sani kuma shi ake ɗoki. Abin da zan ja kunne a kai shi ne a ƙirga fuskokin tun a yarjejeniya, kuma kar a tsaya kan na ranar daɗi kawai. Masu zane suna son nuna manhaja a lokacin da komai ke tafiya daidai, kaya cike, hotuna tas, netwok kamar a sama. To me mutum zai gani in netwok ya ɗauke yana tsakiyar biya, wanda mu a nan ba baƙon abu ba ne? Me zai gani in an cire masa kuɗi amma oda ba ta shiga ba, wace magana za a rubuta masa da za ta kwantar masa da hankali kuma wa zai kira? In ya saka lambar waya ba daidai ba, in kayan da yake so sun ƙare, in ya nemi abu babu shi, in sabon shiga ne kwandonsa wayam, in ya manta lambar sirri? Kowanne ɗaya daga cikinsu fuska ce da sai an zana ta an rubuta kalmominta, in mai zane bai yi ba to mu masu rubuta manhaja mu za mu ƙaƙaro, kuma in faɗa maka gaskiya ba fanninmu ba ne, shi ya sa kake ganin wasu manhajojin suna jefo maka wani jan rubutu na turanci da lambobi da ba wanda ya san ma'anarsa. Kuma kar a manta ɓangarenka kai mai shago, wajen da kai ko yaronka za ku saka sabon kaya ku canza farashi ku ga oda, sau tari ba a zana shi kwata-kwata sai an gama a ga ashe rabin aikin ne aka yi. Haka nan ka ce a nuna maka zanen a girman ƙaramar waya irin Itel da Tecno da ke hannun jama'a, ba a faffaɗan allon laftof ɗin mai zane ba ko iPhone ɗinsa.

Akwai kuma samfurin gwaji, wanda za a turo maka link ka buɗe a wayarka kana dannawa yana wucewa daga fuska zuwa fuska kamar gaske. Dan girman Allah 'yan uwa ku gane wannan ba manhaja ba ce, hotuna ne aka ɗaure da juna, ba ya ajiye komai ba ya karɓar kuɗi. Na san wanda ya biya kuɗi masu yawa yana murna an gama masa manhaja har yana nuna wa abokai a majalisa, ashe samfuri ne, da aka gaya masa saura ainihin ginin da kuɗinsa daban sai da aka kai ruwa rana. Amfaninsa shi ne a gwada shi da mutane kafin a kashe kuɗin gini, kuma rahoton wannan gwajin yana cikin abin da ya kamata a ba ka. Ba wani abu ne mai tsada ba, wani masani a fannin mai suna Jakob Nielsen ya rubuta tun 2000 cewa gwaji da mutum 5 kacal yana fito da kusan kashi 85 cikin 100 na matsalolin da ke cikin zane. Mutum biyar fa. A ɗauki waya a shiga kasuwa a miƙa wa wata baba da wani ɗan sari da wani ɗalibi a ce saya min kaza, mai zane ya ja bakinsa ya yi shiru yana kallo yana rubuta inda suka rikice, gani ya kori ji. Amma ba abokansa 'yan kwamfuta zai gwada da su ba su ce masa ya yi kyau. Rahoton ya nuna me aka gani kuma me aka gyara a dalilin haka.

Yanzu bari in zo kan maganar Hausa, dan ita ce ta fi ci min tuwo a ƙwarya. Ana zana komai da turanci sai an gama a ce a juya shi Hausa, sai ka ga maɓallin da aka auna wa gajeriyar kalma ɗaya yanzu jimla ce za ta shiga, rubutu ya fashe ya hau kan ɗan uwansa. In da Hausa kwastomominka za su yi amfani to da Hausa za a yi zanen tun farko, kuma takardar da ta tara duk kalmomin cikin manhajar tana cikin kayan da za a miƙa maka, a kuma faɗa tun wuri waye zai rubuta su, mutum ne da ya iya Hausar kasuwa ko inji za a bai wa. Sannan salon harafin da aka zaɓa, da yawa cikin masu kyan nan ba su da ƙ da ɗ da ɓ da ƴ, sai ka ga akwati ya fito a tsakiyar kalma ko harafin ya bambanta da sauran kamar an aro shi, wasu ma ko alamar naira ₦ babu. Gwajin ba wuya, ka ce ya rubuta maka ƙofa da ɗaki da ɓera da farashin wani kaya a gabanka ka gani. Akwai haruffa na kyauta kamar Noto na kamfanin Google da suke ɗauke da su duka, dan haka babu uzuri. Wanda kuma yake son a sa ajami saboda dattawa da mutanen karkara ya faɗa tun ranar farko, dan daga dama ake fara shi zuwa hagu, tsarin fuskar gaba ɗaya juyawa yake, ba abin da za a liƙa daga baya ba ne.

Duk waɗannan zaɓe-zaɓen ana tara su a kundi guda na ƙa'idojin zane, lambar kowace kala, sunan harafi da girmansa, siffar maɓalli, tazarar da ke tsakanin abubuwa. Da shi ne in ka ɗauki wani mai zane baɗi zai ɗora a kan na da ba tare da manhajar ta koma dabbare-dabbare ba. Kuma akwai awo sananne ba son rai ba ne, Google sun ce faɗi da tsayin wajen dannawa kar su gaza 48 a ma'auninsu, Apple sun ce 44, sannan ƙa'idar duniya ta sauƙaƙa wa masu raunin gani ta ce bambancin hasken rubutu da bangonsa ya kai 4.5 bisa 1. Ba sai ka haddace ba Alhaji, ka dai tambaya ko an bi, sannan ka fita da wayar tsakar rana a Kano ka ga ko wannan rubutun ruwan toka da suke yayi yana karantuwa, ka kuma miƙa wa mai shekara sittin da ba ya tare da tabaransa.

Sai babbar magana, fayil ɗin asali. Yawancinsu yanzu da Figma suke aiki, wata manhajar zane ce da ake amfani da ita a intanet, kuma abin da ake yi shi ne a turo maka link na kallo kawai alhali fayil ɗin yana asusun mai zane, ranar da kuka samu saɓani ko ya canza layi ko ya tafi bautar ƙasa ya daina ɗaga waya shikenan ka zama ɗan kallo a kan kayanka. Ka buɗe asusu da imel ɗinka, kyauta ne, ka ce a mayar da mallakar fayil ɗin kanka, kuma a sauke maka kwafi ka ajiye a filashi dan kamfanonin nan ma ba tabbas gare su ba, ga Adobe XD nan, wata manhajar zane irin Figma da mutane suka zuba ayyukansu a ciki, kamfanin ya daina ƙara mata sabon abu tun 2023. Tare da shi a ba ka tambari da ƙananan alamomi kowanne daban a nau'in da ba ya dushewa in an faɗaɗa, da hotunan da Play Store ke nema kafin a ɗora manhaja, alamar manhajar mai awon 512 da 512 da hotunan fuskoki. A kuma gaya maka daga ina aka samo hotuna da haruffan, na kyauta ne ko saye aka yi ko kuwa sato su aka yi daga shafin wani, dan in rigima ta taso sunan kasuwancinka ne a jiki ba na mai zane ba.

Wani abin da mutane ba su sani ba shi ne biyan kuɗi kaɗai ba ya mayar da zane naka a idon doka. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ta ɗora haƙƙin tun farko a kan wanda ya ƙirƙiri abu, kuma miƙa shi ga wani ba ya tabbata sai a rubuce. Mu kuwa mun saba da cinikin baki da amana, a tafa a ce Allah ya sa albarka, to a nan kam a rubuta, ko layi uku ne, cewa da zarar an gama biya zanen da duk fayilolinsa sun zama mallakar wane, ku sa hannu da shaidu, Alƙur'ani ma ya yi umarni da rubuta mu'amalar bashi balle wannan. In kuma manhajar za ta karɓi sunaye da lambobin waya da adireshin mutane, akwai dokar kare bayanan jama'a ta 2023, dan haka fuskar da za a nemi izininsu a gaya masu me za a yi da bayanan ita ma a zana ta.

Kar kuma ƙannena masu zane su ce na zo ɓata masu kasuwa, wallahi ko kaɗan. Na san da yawanku kun koya ne da wahala, wasu a shirin 3MTT na koyar da fasahar zamani da gwamnatin tarayya ta fara a 2023 wasu a YouTube da datar dare, ga rashin wuta, kuma na san irin kwastomomin da kuke fama da su, wanda zai ce kawai yi min irin na OPay amma ka sa kore ya fi nasu, wanda zai sa a canza kala sau goma saboda uwargida ta ce ba ta yi mata ba, wanda zai karɓi aiki ya ce ai zane ne kawai me aka yi a ciki ya riƙe maka ciko wata da watanni. Ai rubuta abin da za a miƙa ku ya fi karewa ma. In takarda ta ce fuska kaza, gyara zagaye biyu, abin da ya haura kuɗinsa daban, kuma za ka tsaya wa mai rubuta manhaja na sati kaza yana tambaya kana amsawa, to ba wanda zai mayar da kai bawa. Kuma wanda ya biya ɗan kuɗi kaɗan kar ya sa ran duk abin da na lissafa, ba laifi ba ne a ce mai ƙaramin shago ya tsallake dogon bincike da kundin ƙa'idoji mai kauri, laifin shi ne cinikin biri a sama, a rabu kowa da abin da yake zato a ransa. Amma taswirar hanya da fuskokin matsala da fayil ɗin asali, waɗannan ukun ni a ganina ko aikin nawa ne ba a sasanci a kansu.

Biya kuma a raba shi gida uku ya fi wa kowa kwanciyar hankali, kafin alƙalami a farko, kashi na biyu in an amince da taswira da ƙwarangwal, cikon kuma ranar da fayil ya koma asusunka ka buɗe da hannunka ka gani. In da hali ka kira wanda zai rubuta manhajar ya zauna a wannan zaman na ƙarshe ya duba kafin ka saki cikon, cikin awa ɗaya zai gaya maka abin da babu.

Malam Edita ina roƙon in da dama ku riƙa gayyato masu wannan sana'a na nan Kano suna amsa tambayoyin 'yan kasuwa a shafinku na kimiyya da fasaha, da Hausa, ko da sau ɗaya ne a wata. Na gode da filin da aka ba ni, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Wassalam,
Mai karatunku, wani mai rubuta manhaja daga Titin Gidan Zu, Kano.